Sikanin zuciya a bakin gado: da me ake gane likita mai koyo ya iya?

A yau ba abin mamaki ba ne a ga likita ya zaro 'yar na'ura daga aljihu, ya jona ta da waya, ya shafa jel a ƙirjin mara lafiya, kafin minti biyar ya ce zuciyar ba ta matsawa yadda ya kamata. A da sai an rubuta takarda, an tura mutum ɗakin eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya bi layi. Da na'urar ta ƙanƙance ta kuma yi araha, sai tambaya ta koma kan hannun da ke riƙe da ita: wa ya tabbatar ya iya, kuma da wane ma'auni?

Wanda ya nemi amsa a ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci zai dawo da lambobi da ba su jitu ba. Sanarwar ƙwararru ta ƙasa da ƙasa ta 2011 kan kula da marasa lafiya masu tsanani ta ce karatun awa 10 da sikanin 30 a gaban malami. Shirin FUSIC na Birtaniya yana neman 50. Ƙungiyar eko ta Birtaniya tana neman 75 a matakinta na farko. Kwalejin likitocin gaggawa ta Amurka ta ce 25 zuwa 50 a kowane sashen jiki. Hukumar jarrabawar eko ta Amurka kuwa, wadda ta fara jarrabawar masu kula da marasa lafiya masu tsanani a 2019, tana neman 150 kafin ta ba da shaida. Wani ɓangare na bambancin yana da dalili, domin ba aiki ɗaya suke aunawa ba. Sauran kuma yana nuna cewa har yanzu ba a gama shawara kan abin da ake kira ƙwarewa ba.

Wane irin dubawa ake nufi

Cikakken eko aikin sashen zuciya ne. Yakan ci rabin awa ko fiye, a auna kauri da faɗin kowane ɗaki, a auna gudun jini ta kowane bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, a rubuta rahoto mai tsawo. Na bakin gado kuwa likitan da ke jinyar mutum ne yake yi da kansa, don amsa tambayoyi 'yan kaɗan. Ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya? Ɗakin hagu na ƙasa, wanda ke harba jini zuwa jiki, yana matsawa da ƙarfi ko ya yi rauni? Ɗakin dama ya buɗe fiye da kima? Babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki, wadda likitoci ke kira IVC, a cike take ko a motse? Ƙungiyar eko ta Amurka, a takardarta ta 2013, ta ɗauke shi a matsayin ƙari kan duba jiki da hannu da kunne, ba madadin cikakken eko ba. Wannan ne ya sa lambar 150 ta yi wa sauran nisa: ita ta mai zurfin ilimi ce, wanda zai auna bawul da gudun jini.

Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara ɗaukar motsin zuciya da sauti a Lund ta Suwidin a 1953. Shekaru da dama aikin ya zauna a hannun likitocin zuciya. Daga ƙarshen shekarun 1980 likitocin sa barci da na gaggawa suka fara fitar da gajerun tsare-tsare nasu, kamar FATE na Erik Sloth a Danmak. Na'urar sikanin Vscan ta kamfanin GE ta fito a 2009 da girman da zai shiga aljihu, sannan na'urar Butterfly iQ ta shiga kasuwa a 2018 a kan kusan dala 2,000. Na'ura ta riga tsarin koyarwa isa ɗakunan jinya, ƙa'idojin awo kuma suna biye da ita a baya.

Samo hoton

Malamai da yawa suna raba aikin gida huɗu, bisa tsarin da ake kira I-AIM: sanin dalilin yin sikanin, samo hoto, karanta hoto, da yanke hukunci kan jinya. Mutum na iya ƙwarewa a ɗaya ya faɗi a sauran, shi ya sa jarrabawa guda ba ta wadatarwa.

Samo hoto shi ne inda hannu ke magana. Sauti ba ya ratsa ƙashi ko iskar huhu, don haka ana leƙen zuciya ta ƙananan kafofi, da kan na'ura mai ƙaramar fuska da zai shiga tsakanin haƙarƙari. Hotuna biyar ake nema. Na farko, a gefen hagu na ƙashin ƙirji, tsakanin haƙarƙari na uku da na huɗu ko ƙasa kaɗan, alamar kan na'ura tana kallon kafaɗar dama, a ga zuciya a tsawonta. Daga nan a juya kan na'ura digiri 90 zuwa kafaɗar hagu, a ga ɗakin hagu a yanke kamar zobe. Na uku a tsinin zuciya, inda bugu ya fi fitowa ƙarƙashin nonon hagu, a ga ɗakuna huɗu tare. Wannan ya fi kowanne wahala ga mai koyo, kuma sau da yawa ba ya samuwa sai an kwantar da mutum a gefen hagu. Na huɗu ta ƙarƙashin ƙahon zuciya, kan na'ura a kwance a kan ciki, a bi ta cikin hanta, mara lafiya ya tanƙwara gwiwa don ciki ya saki. Na biyar a nan wurin dai, a miƙar da kan na'ura a bi IVC har inda ta shiga zuciya.

Mai jarrabawa ba hoton kaɗai yake kallo ba. Yana duba ko ɗalibi ya fara da zurfi mai yawa, kamar santimita 16 zuwa 20, don ya ga abin da ke bayan zuciya kafin ya rage. Yana duba ko ya daidaita hasken hoto har jini ya fito baƙi, tsoka ta fito toka-toka. Haske ya yi yawa, ruwa ya ɓace, ya yi kaɗan, bangon zuciya ya ɓace. Yana duba ko hannun ya zauna a kan ƙirji ko yana yawo a sama, da kuma ko ɗalibin yana canza motsi ɗaya a lokaci guda ko yana murzawa da karkatawa da zamewa gaba ɗaya har ya rasa inda yake. Sai kuma ajiya: bidiyo mai ɗauke da bugu uku ko fiye na kowane hoto, da lambar mara lafiya a jiki.

Kurakuran wannan mataki suna da haɗari domin hoton yakan fito da kyau alhali ba daidai yake ba. Idan an ɗora kan na'ura sama da ainihin tsinin zuciya, ɗakin hagu zai fito gajere kuma kewayayye, ya yi kamar yana matsawa sosai, tsinin da gudan jini ke maƙalewa kuma ba zai shigo hoton ba sam. Idan yankan zobe ya karkace, bangon tsakiya zai yi kamar ya baje, ɗakin hagu ya ɗauki siffar harafin D, wadda alama ce ta matsin lamba a ɓangaren dama, alhali zuciyar lafiya lau take. Akwai kuma rikicin alama: tsarin likitocin zuciya yana ajiye alamar a daman allo, tsarin duba ciki yana ajiye ta a hagu. Wanda ya ɗauki na'urar da aka bari a wani tsarin zai ga dama a hagu, ya ɗauki ɗakin hagu a matsayin ɗakin dama da ya kumbura. Ƙwararre ba ya dogara da gefen allo. Ya san bawul ɗin dama ya ɗan fi na hagu kusanci da tsini, kuma akwai wata igiyar tsoka da ke ratsa ɗakin dama.

Karanta hoton da yanke hukunci

Ana iya gwada karatun hoto a aji, da tarin bidiyo na zukata masu lafiya da marasa lafiya. Tarkunan da malamai ke sakawa sanannu ne. Kitsen da ke gaban zuciya yana kama da ruwa, sai dai yana da ɗigo-ɗigo, yana motsi tare da zuciya, kuma ba ya zagayawa baya. Ruwan jakar huhu yana kama da na jakar zuciya. Abin rabewa shi ne awota, babbar jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa jiki, mai gangarowa a bayan zuciya, domin ruwan jakar zuciya yana shiga gabanta, na huhu yana tsayawa bayanta. Awota kanta ana ɗaukarta a matsayin IVC, alhali IVC tana ratsa hanta, jijiyar hanta tana zuba a cikinta, kuma ana ganin shigarta zuciya.

A awon IVC ana amfani da faɗin santimita 2.1 da motsewar rabi yayin jan numfashi: ƙasa da haka tare da motsewa sosai yana nuna ƙarancin matsi a ɓangaren dama, sama da haka ba tare da motsewa ba yana nuna yawansa. Ɗalibin da ya haddace wannan kawai zai yi kuskure a kan wanda injin numfashi ke hura wa iska, domin a nan lissafin ya juya. Haka ma kumburin ɗakin dama. A lafiyayye bai kai kashi biyu cikin uku na ɗakin hagu ba. Idan ya kai ko ya fi shi girma, mai koyo yakan yi saurin cewa gudan jini ya toshe jijiyar huhu, alhali tsohon ciwon huhu ma yana kawo haka, kuma kaurin bangon da ya wuce milimita 5 yana nuni da cewa abin ya daɗe.

Mataki na huɗu, wato yanke hukunci kan jinya, shi ne mafi wuyar aunawa kuma shi ya fi taɓa rai. Ganin ruwa a jakar zuciya ba shi ne hukuncin soka allura ba. Ruwan da ya taru a hankali na iya kaiwa lita guda mutum yana tafiya da ƙafarsa, wanda ya zubo farat ɗaya bayan sara ko haɗari kuwa kaɗan ma ya isa ya danne zuciya. Abin da ake so daga ɗalibi shi ne ya haɗa hoton da bugun jini da awon jini da numfashi. A wajen farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙa'ida ita ce kada a dakatar da danna ƙirji fiye da sakan 10. Wani bincike da aka buga a 2017 daga Amurka ya gano cewa tsayawar takan kai kusan sakan 21 idan an sa sikanin, maimakon 13 idan ba a sa ba. Saboda haka masu koyarwa suke so a ga ɗalibi ya shirya kan na'ura tun ana dannawa, ya ɗauki bidiyo cikin 'yan sakan, ya janye, ya karanta bayan an ci gaba. Wanda ya samo kyakkyawan hoto a sakan 25 ya faɗi wannan gwajin.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a takardar maki sai an nema da gangan: iya cewa hoton bai isa a yanke hukunci ba. Mai koyo yakan ji kunyar dawowa hannu rabbana, sai ya karanta abin da bai gani ba.

Masu ƙirga da masu kallo

Masu goyon bayan lamba suna da hujja. Lamba ba ta son kai, kowa ya san abin da ake nema, kuma asibiti na iya nuna ta a rubuce idan magana ta taso. Tana tilasta wa mai koyo ya taɓa ƙiraza daban-daban. Tana kuma da sauƙi a inda malamai ba su da yawa.

Masu suka suna cewa lambobin sun fito ne daga yarjejeniyar ƙwararru a teburin taro, ba daga gwajin da ya nuna cewa a nan ne kowa ke ƙwarewa ba. Mutum na iya cika kundinsa da siraran abokan karatu masu lafiya, bai taɓa fama da mai ƙiba ko mai ciwon huhu ko wanda ba ya iya kwanciya ba. Idan kuma babu mai gyara masa, kuskure ɗaya zai maimaita sau 50 har ya zama ɗabi'a. Wani ƙaramin bincike na Scott Millington da abokan aikinsa a Kanada ya nuna cewa yawancin ci gaban hannu yana zuwa ne a sikanin 20 na farko, daga nan ya lafa. Kowane ɓangare ya karanta shi ta fuskarsa: wasu suka ce ga shaida 30 ta isa, wasu suka ce matsakaicin rukuni ba ya faɗin komai kan wanda ke can baya.

A aikace yawancin shirye-shirye sun haɗa biyun. A FUSIC, 10 na farko ana yin su ne a gaban malami, sauran a ajiye a duba, sannan a ƙarshe a yi gwaji ido da ido. Lamba ta zama ƙofar shiga jarrabawa ke nan, ba ita ce shaidar ba.

Ma'aunan da ake riƙewa a hannu

Tun 1990 George Miller ya jera matakan ƙwarewar likita huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gaban malami, yana yi a bakin aiki. Jarrabawar rubutu da bidiyo tana kai wa na biyu. Mutum-mutumin koyo yana kai wa na uku, kuma yana da amfani domin ana iya sa masa kowace cuta a maimaita wa kowa iri ɗaya, amma ba ya numfashi da wahala, ba ya juyi don zafi, haƙarƙarinsa kuma a buɗe suke. Na huɗu sai a ɗakin jinya.

An ƙirƙiro takardun maki don kallon ya zama da tsari. OSAUS, wadda Martin Tolsgaard da abokansa suka fitar a Danmak a 2013, tana da ɓangarori bakwai daga dalilin dubawa zuwa rubuta rahoto da yanke hukunci, kowanne da maki 1 zuwa 5, kuma ta kowane irin sikanin ce. RACE ta 2016 ta zuciya ce kaɗai: a ba kowane ɗaya daga hotuna biyar maki, sannan a duba ko ɗalibi ya karanta ɗakin hagu da na dama da jakar zuciya da yawan ruwan jiki daidai. Wata hanyar kuma, wadda ta yi ƙarfi a Kanada, ta bar maganar maki ta koma kan amana. Malami yana faɗin yadda ya sa hannu: shi ya karɓa ya yi, ko ya yi ta faɗa mataki-mataki, ko ya tunatar jefi-jefi, ko ya tsaya kusa don ko-ta-kwana, ko ba a ma bukaci zuwansa ba. Likitoci sun fi sakin jiki da wannan domin irin hukuncin da suke yankewa kullum ne.

Kowace takarda tana da rauni iri ɗaya, wato mai riƙe da ita. Wani malami mai tsauri ne, wani mai sassauci, kuma yadda ɗalibi ya yi a kan mara lafiya ɗaya ba ya nuna yadda zai yi a kan na gaba. Maganin da masana awo suka daɗe da sani shi ne yawaita kallo: malamai daban-daban, marasa lafiya daban-daban, a ranaku daban-daban. Wannan kuwa lokaci yake ci, kuma lokacin ƙwararre shi ne abin da ya fi ƙaranci. Ajiye bidiyo a duba daga baya yana rage nauyin, sai dai ba ya nuna minti nawa aka ɓata, ko wa ya riƙe hannun.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo da sabuwar tambaya. A Fabrairun 2020 hukumar FDA mai kula da magunguna da na'urorin asibiti a Amurka ta amince da manhajar Caption Guidance, wadda ke faɗa wa mai sikanin inda zai karkata hannu. A gwajin da aka buga a 2021, ma'aikatan jinya 8 da ba su taɓa yin eko ba sun duba mutum 240, kuma a fiye da kashi 90 cikin 100 hotunan sun isa ƙwararru su karanta girman ɗakuna da aikin ɗakin hagu. Ƙwararru ne dai suka karanta. Manhajar ta sauƙaƙa samo hoto, ta bar sanin dalilin sikanin da yanke hukunci inda suke, kuma yanzu dole mai jarrabawa ya yanke ko zai gwada ɗalibi da ita a kunne ko a kashe.

Cututtukan da ke gaban ɗalibi

Tarin bidiyon jarrabawa da aka haɗa a Turai yana cike da cututtukan tsofaffi da toshewar jijiyoyin zuciya. Likitan da zai yi aiki a Kano ko Sakkwato ko Zariya wasu abubuwan zai fi gani. Raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a arewa maso yammacin Najeriya. Tun shekarun 1970 aka rubuta shi a Zariya, kuma wani bincike a Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya a kowace haihuwa 100. Mai jego da ta zo da haki da faɗuwar jini, idan aka karanta ɗakin hagunta ba daidai ba aka ɗaura mata ƙarin ruwa da sauri, huhunta ne zai cika. A irin wannan zuciyar ne kuma gudan jini ke kwanciya a tsini, wurin da gajeren yanka ke ɓoyewa.

Ciwon bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara ma yana rusa wata dabara da ake koya wa ɗalibai: auna tazarar da ke tsakanin bawul ɗin mitiral, wanda jini ke bi ya shiga ɗakin hagu na ƙasa, da bangon tsakiya, inda fiye da milimita 7 ke nuna raunin ɗakin hagu. Idan bawul ɗin ya ƙanƙance ba ya buɗewa, tazarar za ta yi faɗi ko da tsokar lafiya take. Tarin fuka kuma shi ne kan gaba wajen tara ruwa mai yawa a jakar zuciya a Afirka, sau da yawa da zare-zare a ciki. Jarrabawar da ba ta ƙunshi waɗannan uku ba, ba ta auna shirin mutum na aiki a wannan yanki ba, ko da wace ƙungiya ce ta buga mata hatimi.

Abin da ya shafi mara lafiya

Kuskure yana zuwa ta fuska biyu. A ce akwai cuta alhali babu, sai a ba mutum maganin tsinka jini mai haɗari, ko a soka allura kusa da zuciya ba dalili, ko a tura iyali tafiyar ɗaruruwan kilomita da kuɗin da ba su da shi. A ce babu alhali akwai, sai a sallami mutum da kwanciyar hankalin ƙarya, ya ƙi komawa domin an riga an ce masa an yi hoton zuciya. Wannan na biyun ya fi ɓoyuwa, tunda dubawar bakin gado ba ta isa ta wanke bawul ko ta kore ciwon da aka haifi yaro da shi ba.

Tsaurara ƙa'ida fiye da kima ma yana da farashi. Idan aka ce sai wanda likitan zuciya ya tsaya a kansa sau 75, asibitin da ba shi da likitan zuciya ko ɗaya ba zai taɓa samun mai shaida ba, kuma na'urar za ta ci gaba da aiki a hannun da ba wanda ya duba. Shi ya sa wasu shirye-shirye suke ba da izini ƙanana-ƙanana: a fara da ruwan jakar zuciya da raunin ɗakin hagu mai tsanani, waɗanda ake saurin koya, a jinkirta ɗakin dama da IVC sai an ƙara gogewa. Ana tura bidiyo ta intanet ga malami a wani gari bayan an cire sunan mara lafiya, ya duba ya mayar da gyara. Hannu kuma yana mantuwa idan an daɗe ba a yi ba, don haka shaidar da aka bayar sau ɗaya tana bukatar a riƙa ɗaukar samfurin aikin mai ita ana sake dubawa.

Mara lafiya ko ɗan uwansa yana da damar tambaya ko wannan cikakken eko ne ko na bakin gado, ko an ajiye hoton, da kuma ko wani babba zai gani. Rahoton da aka rubuta a fayil ya kamata ya faɗi sunan wanda ya yi da matakinsa, hotunan da suka samu da waɗanda ba su samu ba, tambayar da aka amsa, da ko ana bukatar tura mutum ɗakin eko.